Haɗin gwiwa da ƴan waje a binciken kimiyya: ina matsayin ɗan Nijar a ciki?

Ɗan Adar (Tawa) ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da malamaina na wannan zaure. Ina da tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma yanzu ya zama dole in nemi amsarta, domin akwai shawarar da zan yanke kafin faɗuwar damina.

Na kammala digiri na biyu a fannin kula da ƙasar noma, kundina kuma ya shafi farfaɗo da fako ta hanyar tassa da rabin wata, wato ramukan da ake haƙawa domin tare ruwan sama, a ƙasar Adar. Sa'ad da nake tattara abin da aka riga aka rubuta game da ayyukan farfaɗo da ƙasa na Keita da Illela da kwarin Majiya, na lura cewa a yawancin maƙalun da suka fito a manyan mujallun duniya, sunan da ke farko da sunan da ke ƙarshe na baƙi ne, daga Faransa ko Holan ko Italiya ko Amurka, sunan ɗan Nijar kuwa in ya samu shiga yana tsakiya, wani lokaci ma sai an duba sashen godiya za a gan shi. Duk wanda ya san tsarin ya san cewa sunan farko na wanda ya ja aikin ya rubuta shi ne, na ƙarshe kuma na jagoran da ya riƙe kuɗi da tambaya, kuma waɗannan biyun su ne duniya take ƙirgawa. Na karanta a rahoton da Bankin Duniya ya fitar a 2014 cewa ƙasashen Afirka kudu da Sahara, idan aka cire Afirka ta Kudu, ba su kai kashi 1 cikin 100 na maƙalun kimiyya na duniya ba, kuma a 2012 kashi 45 cikin 100 na abin da Afirka ta Yamma da ta Tsakiya suka wallafa an yi shi ne tare da ƴan waje. Ina kyautata zaton cewa da za a ware Nijar ita kaɗai, kason zai fi haka nesa ba kusa ba.

Abin da ya sa na kawo maganar shi ne, wata tawaga daga wata jami'a ta ƙasar waje ta tuntuɓe ni. Suna son auna yawan kabon, sinadarin da tsirrai ke zuƙa daga iska su adana, da ke cikin ƙasa da itatuwa a gonakin da aka farfaɗo da su, amma ba za su iya zuwa ba saboda yanayin tsaro da maganar biza. Aikina shi ne in zagaya ƙauyuka, in haƙa samfurin ƙasa, in auna kaurin itatuwa, in yi wa manoma tambayoyi, in aika musu da komai. Kuɗin da suka ambata ba kaɗan ba ne ga wanda bai da aiki. Da na tambaya ko sunana zai fito a cikin abin da za a wallafa, sai aka ce za a duba idan lokacin ya yi.

Tambayata biyu ce. Shin wannan haɗin gwiwa da muka dogara da shi yana ɗaga ilimin ƙasarmu ne, ko kuwa yana barinmu a matsayin masu haƙa da ɗauka kawai? Sannan ni, a halin da nake ciki, in karɓa ko in bari?

Tsohon Manazarcin Noma (Yamai) ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka sa hannu, domin mafi yawan matasa sai bayan an wallafa suke zuwa da kuka.

Zan fara da tushen abin, saboda idan ba ka gane shi ba za ka ɗora laifin a inda ba nan yake ba. An kafa INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, a 1975 domin ƙasa ta karɓi binciken noma daga hannun cibiyoyin Faransa, kuma tun daga lokacin abin da baitulmali ya fi ɗauka shi ne albashi. Albashi kuwa ba ya sayen man mota, ba ya biyan leburan da za su yi noman filin gwaji, ba ya sayen sinadarin da za a auna ƙasa da shi. A shekarun 1990 an yi babban shirin binciken noma da rancen Bankin Duniya, aka gina ɗakunan gwaje-gwaje, aka tura mutane karatu. Da shirin ya ƙare a 1998, sai aiki ya durƙushe, manazarta da yawa masu digirin dakta suka kama hanyar cibiyoyin ƙasa da ƙasa ko jami'a ko ƙungiyoyin agaji. Wanda ya rage, in yana son ya yi bincike, dole ya jingina da proje, wato shirin da ƴan waje ke ba kuɗi, proje kuma da tambayarsa yake zuwa. Tarayyar Afirka ta amince tun 2006 cewa kowace ƙasa ta ware kashi 1 cikin 100 na abin da tattalin arzikinta yake samarwa domin bincike, mu kuwa ko kusa ba mu kai ba. Saboda haka sunan da ka gani a tsakiya alama ce ta wanda ya biya kuɗin aikin, kuma har yau ba mu ne muke biya ba.

Amma ban yarda a ce duk haɗin gwiwa iri ɗaya ne ba, domin na ga wanda ya bar mana abin kirki. Ka dubi buhun adana wake mai ruɓi uku da ake kira PICS. Asalin dabarar daga Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito, amma tun daga 2007 da aka fara yaɗa ta, gwaje-gwajen da suka tabbatar da yadda ƙwaron wake yake mutuwa idan iska ta ƙare masa, da yadda buhun yake jure shekara da shekaru, da yawa a Maraɗi aka yi su, kuma ɗan Nijar Farfesa Ibrahim Baoua ne sunan farko a maƙalu da dama daga cikinsu. Haka ma yaƙi da murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi. Wannan aikin ina so ka san yadda yake, domin darasi ne. Akwai wata ƴar ƙaramar zanzaro mai suna Habrobracon hebetor, wadda take harbin tsutsar ta sandare, sannan ta saka ƙwanta a jikinta. Manazartan Nijar da Burkina Faso da Mali, da tallafin Gidauniyar McKnight tun daga 2006, suka gano hanyar kiwonta cikin araha: ƙaramin buhun algarara, a zuba hatsi da gari a ciki, a saka tsutsa 25 ta ƙwaron da ke cin shinkafa a rumbu, a saka matan zanzaro biyu da suka riga suka yi barbara, a ɗaure baki. Idan hatsi ya fara fitar da kai, sai a kai buhuna kamar 15 ƙauye a rataye su a inuwa, bayan ƴan kwanaki sabbin zanzaro su riƙa fita ta ƙofofin saƙar buhun suna bazuwa cikin gonaki. Babu guba, babu famfon feshi, babu abin da aka sayo daga waje. Kuɗin na baƙi ne, amma tambayar tamu ce, domin manomin Maraɗi da Tawa da Damagaram ne murzuna take sa shi kuka, kuma ɗaliban da suka ƙirga tsutsotsin nan a zangarniya ɗaya bayan ɗaya su ne suka rubuta kundayensu a kai, wasunsu yau malamai ne.

To ka kwatanta da abin da aka kawo maka. Wa ya ce auna kabon shi ne abin da ya fi damun manomin Illela? Ba na cewa aikin banza ne, domin akwai kasuwar kabon a duniya kuma wata rana alƙaluman nan za su zama kuɗi, wanda hakan ma dalili ne na ka tambayi a hannun wa za su zauna. Shawarata ita ce kada ka ƙi, kuma kada ka karɓa a kan “za a duba”. Ka nemi a rubuta maka, tun kafin ka haƙa rami na farko, cewa kana cikin marubuta, cewa kwafin bayanan gaba ɗaya zai zauna a jami'arka, kuma cewa za ka shiga aikin nazarin alƙaluman, ba tattarawa kawai ba. Ka kuma sa malaminka a cikin maganar domin yarjejeniyar ta zama tsakanin jami'a da jami'a. Mutumin da ba zai iya zuwa ƙasar ba ya fi ka buƙatar wannan aiki, sai dai ba zai faɗa maka ba.

Hajiya Mai Awo (Yamai) ta amsa:

Baba, na gaishe ka, kuma na amfana da bayaninka. Ƙanena Ɗan Adar, ni a ɗakin gwaje-gwajen lafiya nake aiki, kuma zan ɗan saɓa da Baba a wuri ɗaya, da izininsa.

Baba ya ce ma'aunin shi ne wa ya kawo tambayar. A fanninmu na ga ayyukan da tambayar tamu ce tsantsa, amfanin ma ya dawo mana, amma duk da haka ba su bar ƙwarewar da ta kamata ba. A Madarunfa, cikin jihar Maraɗi, aka gwada rigakafin zawon yara mai suna Rotasiil, wanda kamfanin Serum Institute na Indiya ya haɗa, tare da cibiyar Epicentre ta ƙungiyar likitoci ta MSF da ma'aikatar lafiya. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne yana jure zafi, kuma duk wanda ya taɓa ɗaukar akwatin rigakafi a bayan babur cikin watan Afrilu ya san abin da wannan yake nufi. Jarirai sama da 3,500 suka shiga, sakamakon ya fito a 2017 yana nuna kariya ta kusan kashi 67 cikin 100 daga zawo mai tsanani, a 2018 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Haka gwajin MORDOR, inda aka riƙa ba ƙananan yara maganin azitromisin sau biyu a shekara a Boboye da Loga na jihar Doso, da kuma Malawi da Tanzaniya. Sakamakon 2018 ya nuna mutuwar yara ta ragu da kashi 13.5 cikin 100 a ƙasashen uku, a Nijar kuwa da kashi 18. Wallahi ba zan taɓa cewa da ba a yi waɗannan ayyuka ba, domin rayuka ne, kuma ba mu da kuɗin yin ko ɗaya daga cikinsu mu kaɗai. Duk da haka, a duka biyun sunan farko na manazarci ne daga jami'ar Amurka, kuma tsara gwajin da lissafin alƙalumansa can suka fi ƙarfi.

A ganina inda gizo yake saƙar shi ne matakin da ke tsakanin ɗaukar samfuri da rubuta sakamako. Bari in nuna maka yadda ranar aiki take a wurinmu. Ana kawo ruwan ƙashin baya na yaron da ake zaton sanƙarau ne, cikin ƴar kwalba, daga asibitin da ke nesa. Muna iya gano nau'in ƙwayar cutar a nan Yamai, kuma wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne. A annobar 2015, wadda ta kama mutum sama da 8,000 ta kashe fiye da 500, cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ke Yamai ta tabbatar da cewa nau'in C ne, ba nau'in A da rigakafin MenAfriVac ya karya lagonsa tun 2010 ba, wannan kuwa shi ya nuna irin rigakafin da za a nema. Amma kowane sinadarin da ake wannan awo da shi daga waje yake zuwa, da sanyi, da ranar lalacewa a jikinsa, kuma yakan yi makonni a hanya ko a kwastan. Firizar da ke riƙe samfura a ma'aunin sanyi 80 ƙasa da sifiri ba ta san an ɗauke wuta ba, idan injin wuta bai tashi ba aikin shekaru ne yake narkewa a dare ɗaya, kuma kowa ya tuna halin da aka shiga a 2023 da Najeriya ta yanke layin lantarki. Idan na'ura ta lalace, mai gyaranta yana Dakar ko Abijan ko Turai. To idan abokin aiki ya ce a turo masa samfuran ya yi musu awo mai zurfi a wurinsa, da wane baki za ka ce a'a? Daga ranar da kwalaben suka hau jirgi, shi ne zai fara ganin sakamako, shi ne zai san abin da ke da daɗin faɗa a ciki, shi ne zai rubuta.

Don haka abin da zan ƙara a kan sharuɗɗan Baba shi ne ka tambaya a ina za a auna ƙasar da za ka haƙa. Akwai ɗakunan awon ƙasa a nan cikin gida, a INRAN da jami'ar Yamai da cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa ICRISAT da ke Sadore. Idan za a iya awon a nan, a yi a nan, kuɗin ya shiga ɗakin da ɗalibi na gaba zai amfana da shi. Idan sun nace sai an kai waje, to a raba kowane samfuri biyu, rabi ya zauna, a kuma rubuta takardar yarjejeniyar fitar da samfuri, ka kuma nemi su ɗauki nauyin koya maka nazarin, ko da ta intanet ne. Kada ka manta da izinin manoman da za ka yi wa tambayoyi. A fanninmu babu binciken da ke farawa sai kwamitin ɗa'a na ƙasa ya amince, kuma ban ga dalilin da zai sa gonar mutum da sirrin rumbunsa su zama abin ɗauka kyauta ba.

Malamin Jami'a (Yamai) ya amsa:

Gaisuwa ga Baba da Hajiya. Ni zan taɓo alƙaluman da ɗalibinmu ya kawo, domin akwai abin da ba sa nunawa.

Rumbunan da ake ƙirga maƙalu da su, irin su Scopus, sun fi ɗaukar mujallun Turancin Ingilishi. Malaminmu kuwa da Faransanci ya yi karatu, kuma hukumar da ke ƙara masa girma ita ce CAMES, wadda shugabannin ƙasashe suka kafa a nan Yamai a 1968, mazauninta kuma yana Wagadugu. Abin da ya wallafa a mujallar jami'arsa ko ta Kotonu ko ta Bamako zai iya kai shi matsayi na gaba, amma ba zai bayyana a ƙidayar duniya ba. Ƙari a kan haka, ɗimbin ilimin da aka tara game da ƙasar nan yana cikin kundayen ɗalibai da rahotannin da malamai suke rubuta wa ƙungiyoyin agaji, waɗanda ake biya, a karanta sau ɗaya, a jefa a kabad. Wannan na biyun ya fi damuna fiye da maganar jerin sunaye, domin a nan mu da kanmu muke sayar da lokacin bincike a kan aikin kwangila, kuma ba na zargin kowa, tun da albashi ba ya kai wata.

Sai a haɗa da nauyin koyarwa. Jami'ar Yamai ta fara a 1971, ta zauna ita kaɗai ta gwamnati har 2010 da aka buɗe na Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Wannan abin alheri ne, amma malaman da za su cika su ba su ƙaru da wannan sauri ba, shekarun karatu suna hawa kan juna, malami ɗaya yana duba kundaye masu yawa a lokaci guda. Idan ya samu ya rubuta, sai kuɗin wallafa ya tare shi. Mujallar Nature ta sa Yuro 9,500 a 2021 ga wanda yake son a buɗe maƙalarsa kowa ya karanta, wato sama da sefa miliyan 6. Gaskiya ne mujallu da yawa suna yafe wa ƙasashe irin tamu, kuma shirin Research4Life yana ba cibiyoyinmu damar karanta dubban mujallu kyauta, sai dai ɗalibai da yawa suna gama karatu ba wanda ya nuna musu wannan ƙofa.

Akwai misalin da nake so a riƙa tunawa, wato LASDEL, cibiyar nazarin zamantakewa da aka kafa a Yamai a 2001. Ita ma da kuɗin waje take aiki, amma manazartanta su suke tsara shirinsu, suna da jerin wallafe-wallafensu da kowa zai iya saukewa kyauta, kuma ɗaliban digirin dakta daga wasu ƙasashe, har da na Turai, suna zuwa koyon aikin fili a wurinsu. Abin da ya ba su wannan ƙarfi shi ne sun tsaya a matsayin cibiya, ba ɗaiɗaikun mutane da ake ɗauka haya ba.

Magana ta ƙarshe, kuma ita ce ta fi ba ni takaici. Idan muka ce haɗin gwiwa na ƙasa da ƙasa, idonmu Faransa yake kallo, shi ya sa da ta dakatar da tallafinta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ta kuma rufe ofishin jakadancinta a farkon 2024, ɗalibai da yawa suka tsaya cak a tsakiyar digiri, sannan rushe hukumar agaji ta Amurka, USAID, a 2025 ya ƙara toshe wata hanyar. Alhali kai da kake Tawa, Sakkwato ta fi maka Yamai kusa. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana nan, cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta daɗe tana aiki a kan dawa da wake da gyaɗa, Jami'ar Bayero ta Kano tana da cibiya sukutum ta noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa. Ƙasar nomanmu iri ɗaya da tasu, hatsinmu ɗaya, ƙwarinmu ɗaya, kuma idan Faransanci da Ingilishi suka raba mu a takarda, Hausa tana haɗa mu a gona. Rahoton da ka ambata da kansa ya nuna cewa aikin da manazartan yankunan Afirka suke yi tsakaninsu bai kai kashi 3 cikin 100 na abin da suke wallafawa ba. Wannan ba baƙo ne ya hana mu ba.

Malamin Gona (Illela) ya amsa:

Ina gaida manya. Ni ba manazarci ba ne, aikina shi ne tsayawa tsakanin masu bincike da manoma, don haka ku yi mini haƙuri in faɗi abin da ake faɗa a ƙauye.

Tassar da Malam Ɗan Adar ya yi kundinsa a kai, manoma ne suka ɗauko gyararren salonta. A 1989 wani shiri na FIDA, asusun raya noma na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kai wasu manoman Illela yankin Yatenga na Burkina Faso, suka ga yadda ake faɗaɗa ramin, a tara ƙasar da aka haƙo a gefen gangare domin ta tare ruwa, a zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu, gara ta zo ta huda ƙasa ruwa ya samu hanyar shiga. Da suka dawo suka gwada, shekarar da ta biyo baya ruwa ya yi ƙaranci, aka ga inda aka yi tassa ne aka samu abin kai wa rumbu. Daga nan maƙwabci ya kwaikwayi maƙwabci, har fakon da ba mai so ya zama abin saye da sayarwa. Masu bincike daga baya suka zo suka auna, kuma aikinsu ya yi amfani domin shi ya sa duniya ta sani. Amma ban taɓa ganin ranar da aka tara mutanen nan a gindin bishiya aka ce musu ga abin da muka samu a gonakinku ba. Ana zuwa da mota da takardar tambayoyi, a tambayi mutum damin da ya samu da awakin da ya sayar da yawan ƴaƴansa, a tafi, shekara ta zagayo wasu su zo da tambayoyi iri ɗaya. Yanzu akwai dattawan da in sun ga mai takarda sai su faɗi abin da suke zaton zai kawo taimako, wannan kuwa yana lalata alƙaluman da kuke gardama a kan wa zai sa musu suna.

Roƙona gare ka, Malam, shi ne ka sa a cikin sharuɗɗanka cewa za a ware kuɗin komawa kowane ƙauye a faɗi sakamakon da Hausa, a kuma kai shi gidan rediyon karkara. Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ban ga abin da zai hana kowane kundi ya zo da taƙaitawa ta shafi biyu da manomi zai ji idan an karanta masa ba. Kuma idan maganar kabon nan tana da kuɗi a gaba kamar yadda Baba ya ce, to masu gonakin su ji tun yanzu daga bakinka.

Ɗan Adar (Tawa) ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kai maganar gaban malamin da ya duba kundina, ya yarda ya shiga, kuma mun rubuta wa tawagar cewa muna son yarjejeniya tsakanin jami'o'in biyu, wadda za ta ƙunshi sunana a cikin marubuta, da ajiye kwafin bayanai da rabin samfura a nan, da awo a cikin gida in zai yiwu, da kuɗin komawa ƙauyuka kamar yadda Malamin Gona ya nema. Sun amsa cewa maganar suna da ta bayanai babu matsala, amma awo dole a wurinsu za a yi, saboda suna son a auna samfuran ƙasashe da dama da na'ura ɗaya domin a iya kwatanta su. Wannan hujjar ta yi mini kama da gaskiya, sai dai ban san yadda ake tsara takardar fitar da samfuri ba. Hajiya, idan akwai abubuwan da ba a barin irin wannan takarda ba tare da su ba, ina roƙon ki jera mini su, musamman abin da ya shafi tsawon lokacin da za su riƙe samfuran da kuma ko suna da ikon ba wani daban ya yi aiki da su. Malam na jami'a kuma, idan kana da hanyar da zan bi in tuntuɓi sashen kimiyyar ƙasa na Sakkwato ko na Kano, ina so in gwada auna rabin da zai rage a can, in ga ko sakamakon zai zo daidai da nasu.